Motar Da Na Ƙera Ta Tona Min Asiri

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau cikin zumuɗi nake rubutu a kan waya. In kun ga harafi ya tsallake wurinsa ku yi min uzuri. Kwana biyu kenan da faruwar abin, amma har yanzu ƙarar injin nan ba ta bar kunnena ba.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, ban da Baba da ke ce min Injiniya in Mama ba ta kusa. Shekarata ashirin da huɗu, na gama karatu, kuma gajera ce ni ta gaske, irin wadda sai ta taka kujera kafin ta sauko da tukunya daga saman kanta. Ku riƙe zancen gajartar nan, zai yi amfani a gaba. Abu na ƙarshe, ni mai walda ce. Eh, waldar ƙarfe, mai tartsatsi da hayaƙi. Wannan ne sirrin da gidanmu ya yi wata huɗu yana ɓoye wa mutumin da nake so.

Shagon Baba a bayan gida yake, inda a da garejin mota ne. Akwai injin fere ƙarfe da ya girme ni, akwai na huda, akwai na walda ja wanda murfinsa ya lotse. A bango Baba ya rataye sifanoni, kowace ya zana siffarta da farin fenti, don in ɗaya ta ɓata bangon da kansa ya kai ƙara. A nan na tashi. Sauran 'yan mata suna tuna 'yar tsanarsu ta farko, ni kuwa noti na farko da na ɗaure nake tunawa.

Tun ina firamare Baba ya zana wata mota a bayan tsohuwar kalanda. Mota ce ba bodi, ba ƙofa, ba gilashi. Bututun ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa aka haɗa, ga manyan tayoyi huɗu masu haƙora, ga injin babban babur a baya, sai kujera biyu. Ba don kwalta aka yi ta ba, don inda hanya ta ƙare ne: yashi, duwatsu, kwari. Baba ya sa mata suna Akuya, wai don ba abin da ba za ta hau ba. Mama kuwa kejin kaji take ce mata.

Wata goma sha biyar da suka wuce aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi kallon hasken walda har abada. Ranar da ya dawo daga asibiti ya naɗe kalandar ya jefa a durowa. Na ba shi sati guda. Daga nan na ciro ta na shimfiɗa masa a kan tebur, na ce, “Baba, kai ne kai, ni ce hannu.”

Wata goma sha huɗu muka yi a kanta. Baba ya koya min yadda ake cika bututu da busasshen yashi, a toshe bakinsa, a gasa shi ya yi ja, sannan a lanƙwasa a hankali don kar ya karye a gwiwa. Ni nake walda, shi yana bayana ya juya wa hasken baya. In ƙarfen ya huce sai ya bi ɗinkin waldar da babban yatsansa. In ya yi shiru, aiki ya yi. In ya ce “uhm”, sai in ɗauko injin yanka in sake daga farko. Na sha kuka a kan “uhm” ɗin nan, wallahi.

To, ina matsalar take? Matsalar Mama ce, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Bara akwai wani mai kemis da ya yi wata biyu yana zuwa wurina. Wata rana ya zo ba sanarwa, aka ce masa ina baya, ya leƙo shago ya tarar da ni cikin rigar aiki, fuskata a rufe da gilashin walda, baƙin mai har gwiwar hannu. Na ɗaga gilashin na yi masa sannu da zuwa. Ya ce ya manta bai kulle kanti ba. Har yau yana can yana kullewa.

Tun daga ranar Mama ta kafa doka. “Duk wanda ya sake zuwa, ba shi ba jin zancen walda sai an ɗaura aure. In ya gani daga baya, ya gani a gidansa.”

“Mama, ai yaudara ce.”

“Ba yaudara ba ce, rufin asiri ne. Ke ba ki san maza ba. Kuma ko shi ya yarda, uwarsa fa? Wace uwa ce za ta so a ce surukarta tana warin ƙonannen ƙarfe?”

Ana haka Allah ya kawo Dogo. Haka na ajiye shi a wayata, don ranar da ya fara zuwa sai da ya buga goshi a ƙofar shagon Baba. Mai awon filaye ne. Ƙafar na'urarsa mai ƙafa uku ce ta karye, aka kwatanta masa gidanmu. Aka yi sa'a ranar na dawo daga unguwa, ina cikin kwalliyata, ni na buɗe masa gida. Ya bar na'urar ya tafi. Da ya dawo karɓa ya daɗe yana juya ƙafar a hannu, ya ce wa Baba, “Baba, wannan hannun naka Allah ya yi masa albarka.” Baba ya yi tari ya ce amin. Ni kuwa ina bayan labule ina cizon yatsa, don ni na yi ɗinkin.

Bayan sati ya dawo ba tare da na'ura ba, kuma bai daina dawowa ba.

Ku ji yadda ake shirya ni duk ranar da zai zo. Tun azahar Mama za ta kore ni daga shago. In jiƙa hannu a ruwan ɗumi da lemon tsami, a goge ƙasan farce da tsohon buroshi, a shafa mai har sau uku. Riga dole mai dogon hannu, saboda ƙananan tabon ƙuna da tartsatsi ya bar min a wuyan hannu. Turare kuwa har sai Baba ya yi atishawa daga ɗakinsa. Sannan umarni na ƙarshe: “Ki sunkuyar da kai, ki rage surutu, in ya yi zancen mota ki ce ke tsoronta kike ji.”

Ni da nake jin ciwon inji daga ƙararsa tun daga bakin titi, wai in ce tsoro nake ji!

Na bi umarni dai. Yana zaune a kujerar falo mai ruwan ƙasa, ni ina can gefe, kaina a ƙasa. Mutumin da aka hana shi kallon fuska, me zai kalla? Tayil ɗin falonmu na haddace tsaf. Na san wanda ya tsage, na san wanda aka sa a karkace, na san inda takalminsa ke tsayawa in ya miƙe ƙafa yana dariya. Kuma yana da dariya, jama'a. Irin wadda take fara fitowa ta hanci kafin ta samu hanyar baki. Tun a wata na biyu na san na faɗa, faɗawar da ba fita.

Abin da ya fi ci min rai, duk zuwan da zai yi sai ya roƙi Baba ya kai shi ya ga Akuya. Ina jiyo su ta taga. “Baba, nan ya aka yi ka lanƙwasa ba ta tsuke ba?” “Baba, wannan ɗinkin kamar da inji aka yi shi.” Baba sai tari. A wata huɗun nan Baba ya yi tarin da bai yi ba a shekara goma.

Yanzu bari in gaya muku zancen kujera. Baba yana da wata ɗabi'a: komai na mota zai auna da tef, amma ban da mazaunin direba. Ya ce takarda ba ta san tsawon ƙafar mutum ba. Ranar da muka zo wurin, ya kifa akwatin lemo a cikin firam ɗin motar ya ce, “Zauna mu gwada, Injiniya.” Na zauna. Ya ce in miƙe ƙafa kamar zan taka birki, ya zana alli a diddigena. Ya ce in riƙe sitiyari a iska, ya zana a inda hannuna ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kaina, ya ƙara yatsa huɗu, ya ce nan ƙarfen sama zai bi.

“Baba, ba za mu sa mata abin ja gaba da baya ba?”

“Daga baya,” in ji shi.

Ni kuwa zumuɗi ya ɗebe ni. A ranar na liƙe kujera, na liƙe sandar sitiyari, na liƙe birki da totur da kulochi, kowanne a kan allinsa, ɗinki biyu-biyu don kar ya motsa. “Daga baya” ta bi iska, na manta da ita sam. Kujera ta biyu kuwa Baba ya ce in yi yadda na ga dama, kuma na yi yadda na ga dama.

Ranar Juma'a da yamma ina yanka albasa waya ta yi ƙara, saƙon Dogo ne ya shigo.

“Ranki ya daɗe, Baba ya ce gobe Akuya za ta fita kiwo. Wai kuma ni zan fara tuƙawa. Gaskiya ne ko tsokanata yake?”

Na ajiye wuƙa na nufi ɗakin Mama. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga ninkin kayan da take yi. “Ni na ce a ba shi. Girmamawa ce. Ke kuma ki tsaya kusa da ni, kar in ga ko yatsanki a jikin kejin nan.”

Wata goma sha huɗu! Farcena biyu suka fita a kan motar nan. Na koma kicin na ci gaba da yanka albasa, na bar ta ta ɗauki laifin hawayen. Sannan na rubuta masa: “Gaskiya ne. Ka bi ta a hankali.”

“In sha Allah. Kin san me? Duk wanda ya yi waldar motar nan mutum ne mai haƙuri. Ni kuma ina son mai haƙuri.”

“Zan gaya wa Baba kana sonsa.”

Ya turo fuskokin dariya guda biyar. Can kuma ya ƙara: “Ki sa takalmi mara tsini gobe, filin akwai yashi.”

Na nuna wa Mama saƙon. Ta ce mai tsinin zan sa, don in ba shi ba, ba a ganina a kusa da Dogo.

Asabar da safe aka shirya ni kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, hannunta har tsakiyar tafi, mayafi mai santsi wanda sai an kafe shi da allura uku, jaka ƙarama da ba ta ɗaukar komai sai waya, da takalmin nan mai tsini. Mama ma ta sha ado. Baba kuwa rigar aikinsa ya sa, yana rataye da wata tsohuwar jakar buhu da ban san me ke ciki ba.

Ƙofar bayan shagonmu tana buɗewa ne ga wani fili inda a da ake ɗibar yashi. Yanzu ya zama tuddai da ramuka, da busasshen kwari a tsakiya. Maƙwabtanmu biyu, tela da mai gyaran firij, suka taya Baba turo Akuya waje. Wayyo, ku ga yadda rana ta sauka a kan jan fentinta! Ban taɓa ganinta a fili ba sai ranar. Ta yi tsaye a kan dogayen shokozobanta, ƙirji a sama, kamar ta san ita ake jira.

Dogo ya iso ta ɗaya gefen, ya ajiye motarsa can ƙarƙashin bishiya. Na lura bai kashe inji ba, gilasai kuma duk a rufe. Na ce a raina wannan ɓarnar mai fa, amma hankalina ba a can yake ba. Ya gaida Baba, ya durƙusa ya gaida Mama, ya kalle ni ya kalli takalmina, ya danne dariya.

Baba ya miƙa masa makulli. “Bismillah, ɗana.”

Dogo ya kama ƙarfen sama ya zura ƙafar dama. Ta shiga. Ya zura ta hagu, gwiwarsa ta daki sitiyari, ƙum! Ya ja baya ya sake dabara, ya fara shigar da jiki kafin ƙafa. Wannan karon ya zauna, amma gwiwoyinsa biyu sun tokare sitiyarin ta dama da hagu har ba ya juyuwa, kansa kuma ya fito ta saman ƙarfe gaba ɗaya. Tela ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

“Ja kujerar baya mana,” in ji Mama.

Ya laluba ƙasa. “Mama, ba ta da abin ja.”

A nan na gane abin da na yi. Na tuna akwatin lemo, na tuna alli, na tuna “daga baya”.

Da ƙyar aka zaro Dogo. Baba ya ce bari shi ya gwada, tumbinsa ya ce bai san zancen ba. Mai gyaran firij ya gwada, takalminsa ya maƙale tsakanin birki da kulochi, sai da aka cire masa shi. Tela ko gwadawa bai yi ba, ya ce shi keken ɗinki kaɗai ya iya tuƙawa.

“To a mayar da ita ciki a gyara,” in ji Mama da sauri. “Wata rana a fito.”

“Gyaran nan sai an yanke ƙasan gaba ɗaya,” in ji Baba. “Kujera, sitiyari, birki, duk a liƙe suke. Wata biyu, in an yi sauri.”

Wata biyu, kuma a yanka min ɗinkina da na yi biyu-biyu! Na ji kamar ni za a sa wa injin yankan.

Dogo ya matso kusa da Akuya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tef ɗinsa na awo, wanda ko wurin ɗaurin aure ba ya zuwa ba tare da shi ba. Ya auna daga jingina zuwa birki. Ya auna daga mazauni zuwa ƙarfen sama. Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa, ƙarat. Sannan ya fara bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya: Baba, tela, mai gyaran firij, Mama. Da ya zo kaina ya sauke ido kan tsinin takalmina, na ga bakinsa yana motsi, yana cire tsawon tsinin daga lissafi.

“Baba,” ya ce a hankali, “motar nan da mutum aka auna ta. Kuma mutumin yana nan wurin.”

Baba ya ɗaga kai yana kallon sama. “Ni fa ido ba lafiya, ɗana. Ban ga komai ba.”

Mama ta mintsine ni a cinya ta cikin riga, mintsinin da har yau wurin bai huce ba. Ta ce ƙasa-ƙasa, “Ki ce gwaji aka yi da ke. Ki ce tsoronta kike ji.”

Kuma da na faɗi haka da ya wuce, ku sani. Ƙofa a buɗe take. Amma na kalli Akuya, na kalli ɗinkin da ke gindin sitiyari wanda na sake shi sau huɗu kafin Baba ya yi shiru, sai na ji ba zan iya ba. In na ce tsoronta nake ji a gabanta, ban san da wane ido zan sake shiga shagon nan ba. Tsoro nake ji kam, amma ba nata ba. Tsoron in ga bayan Dogo nake ji, kamar yadda na ga bayan mai kemis.

Na naɗe hannun rigata har gwiwa, duka biyun. Na miƙa su a rana, tabo ya fito ɓaro-ɓaro.

“Ni ce,” na ce. Muryata ta fito 'yar siririya, na sake ɗaga ta. “Ni na yi waldar. Duka. Baba ne ya zana, shi ya koya min, amma hannuna ne. Wata huɗu ina yi maka ƙarya, ka yi haƙuri.”

Mama ta ce, “Innalillahi,” ta dafe kai.

Dogo ya kalli hannuna ya daɗe. “Har ƙafar na'urata?”

“Har ita.”

Ya mayar da tef aljihu. Ya juya ya fara tafiya.

Jama'a, na mutu a tsaye. Na ce shi kenan, wani kantin kuma ba a kulle ba. Har na fara jin abin da Mama za ta faɗa min in mun shiga gida. Ashe zagaya Akuya yake yi. Ya bi ta bayan inji, ya fito ta ɗaya gefen, ya kama ƙarfe, ya zura dogayen ƙafafun nan nasa, ya zauna a kujera ta biyu.

Ya zauna daram. Ƙafarsa ta miƙe har ƙarshe, diddigensa ya sauka daidai kan ɗan ƙarfen da na liƙa na tokare ƙafa. Bayansa ya kwanta a jingina. Ya ɗaga hannu ya auna tsakanin kansa da ƙarfen sama, wanda na ɗaga shi ta wannan gefen fiye da ɗayan: yatsa huɗu cif.

Na ga lokacin da abin ya shige shi. Murmushin da ya fara ya tsaya a rabi. Wannan kam bai san da shi ba.

“Wannan kujerar ba ta Baba ba ce,” ya ce.

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

“Yaushe kika auna ni?”

“Tayil uku da rabi,” na ce, kaina a ƙasa. “Daga kujerar falo zuwa inda takalminka ke tsayawa. Tsayin kuma... inda ka buga goshi a ƙofar shago.”

Tela ya yi tafi ɗaya ya ce, “Kai!” Dariyar Dogo ta fara fitowa ta hanci, amma idonsa ya yi ja, ya kasa ƙarasa ta. Ni da ban taɓa ce masa ko “na yi kewarka” a waya ba, ga shi ƙarfe ya faɗa masa komai a gaban iyayena da maƙwabta.

“To direba,” ya ce, muryarsa a dishe, “fasinja ya gaji da jira.”

Na kalli takalmina mai tsini. Sai ga Baba ya sauke jakar buhun nan ya zazzage ta: takalmin aikina, safar hannuna, da hular kwano biyu, ƙarama da babba.

“Malam!” in ji Mama. “Da kai aka haɗa baki?”

“Da wa? Ni da ba na gani?”

Na tuɓe tsini na zura takalmina. Na tattare doguwar riga na ɗaure ta a ƙugu a kan wandon da ke ciki, na tura bakin mayafi cikin wuya, na kifa hula. Da na zauna a kujerar nan komai ya zo hannuna da kansa, ko neman birki ban yi ba. Muka ɗaura bel. Na yi bismillah na murɗa makulli.

Ta tashi a bugu ɗaya! Ƙarar ta daki ƙirjina ta baya, tsuntsaye suka watse daga bishiya. Na taka kulochi, na sa giya, na saki a hankali, sai ga mu muna tafiya. Muna tafiya, jama'a! Abin da ya kwana shekara goma sha biyar a bayan kalanda yana tafiya da ƙafarsa! Na ba ta wuta kaɗan, ta zabura. Tudun farko ta haye shi ko nishi ba ta yi ba. Ramin da ke bayansa shokozoba suka shanye shi, na ji su suna aiki a ƙarƙashina yadda Baba ya ce za su yi. Na sa giya ta biyu, na sa ta uku, yashi yana tashi ta bayanmu. Wani yana ihu, sai daga baya na gane ni ce.

“Kwari! Kwari a gabanki!” in ji Dogo, ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu.

“Na gan shi! Riƙe da kyau!”

Muka gangara ciki, muka bi busasshen yashin da gudu, na murɗa sitiyari ta juya bayanta ya zame, na sake ba ta wuta ta haye ɗaya gaɓar, tayoyin gaba suka bar ƙasa na ɗan lokaci kafin mu dira. Ba abin da ya karye. Ba ɗinki ɗaya da ya yi ƙara. A saman tudun na tsaya, na hango Baba can nesa ya ɗaga hularsa sama yana tsalle, tsoho da shi.

“Tun yaushe ka sani?” na tambaya, ina haki.

“Tun zuwana na uku. Kin miƙo min shayi hannun rigarki ya zame. Kuma Baba bai iya tarin ƙarya ba.”

“Shi ne ka bar ni ina ta shan lemon tsami a hannu?”

“Sirrinki ne, ba nawa ba. Jira nake ki ba ni da kanki.” Ya shafa ƙarfen da ke saman kansa. “Amma wannan ban taɓa zato ba, wallahi. Ba a taɓa yin wani abu daidai ni ba. Ko gado sai na lanƙwashe.”

Na sa giya muka juyo.

Mun iso ina dariya, na cire hula, allurai biyu sun tafi, mayafi ya karkace, yashi har cikin haƙorana. Na buɗe baki zan kira Baba, sai na ga ba wanda ke kallona. Duk sun juya wajen bishiya. Ƙofar bayan motar Dogo ce a buɗe, wata dattijuwa tana takowa cikin yashi a nutse, da farin mayafi da tabarau. Doguwa ce sosai. Ban buƙaci a gaya min ko wace ce ba, goshin ma iri ɗaya ne.

“Hajiyarmu ce,” in ji Dogo a hankali. “Ta ce tana so ta gan ki ba a shirya ki ba.”

Mama ta zama kamar an dasa ta. Ta yi ƙoƙarin gaisuwa, kalmomin suka harɗe. Ni kuwa bel ya riƙe ni, na kasa ko sauka in durƙusa. Daga zaune na ce, “Ina kwana, Hajiya,” hannuna tsirara a kan sitiyari, tabo a waje.

Ta amsa wa Mama da Baba da kyau. Sannan ta zagaya Akuya sau ɗaya. Ta tsaya a kaina, ta ɗage tabarau ta kalli wuyan hannuna, ta kalli fuskata. Ban iya karanta komai a tata fuskar ba. Ta zagaya ɗaya gefen ta tsaya a kan ɗanta.

“Tashi ka ba ni wuri. Da hular.”

“Hajiya, ai akwai ramuka...”

“Na gani, ba a makance nake ba. Tashi.”

Ya sauka. Ta tattare zaninta ta shiga ba wanda ya taimaka mata, diddigenta ya sauka daidai kan ƙarfen nan na tayil uku da rabi. Ta ɗaura bel da kanta, ta gyara hular kwano a kan farin mayafi, sannan ta juyo ta kalle ni.

“Yadda kika tafi da shi haka za ki tafi da ni, kar ki rage komai,” ta ce. “In mun kai saman tudun can ki kashe inji. Ina da magana da ke, kuma ba na so uwarki ko ɗana su ji.”

Na murɗa makulli.